Kamfanin inshora ya ƙi biya: me mutum zai tarar in ya tafi kotu?

Dan_Tudun_Hatsi:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga lauyoyi ce da ma'aikatan inshora da ke cikinmu. Banki kan nemi ɗan kasuwa ya yi wa kayan shago ko na sito inshora kafin ya ba shi rance, shi ya sa mutanenmu da dama a nan Gombe suka shiga abin ba su san kansa ba. To a ce gobara ta ci shago, ko mota ta faɗi a hanyar Alkaleri, kamfani ya ce ba zai biya ba, ko ya yanko rabin abin da aka sa rai, mai kaya ya ce sai kotu. Me zai tarar a can? Wace kotu ce, shekara nawa, nawa zai kashe, kuma kuɗin na fitowa kuwa? A yi mana dalla-dalla don Allah.

Barista_Pantami:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a yi zancen kotu, abu biyu za a ɗora a kan tebur: cikakkiyar takardar yarjejeniya, wato folisi, da wasiƙar da kamfani ya rubuta cewa ba zai biya ba, da dalilinsa. Satifiket ɗin nan mai shafi ɗaya ba shi ne yarjejeniyar ba. Sharuɗɗan suna cikin ɗan littafin da yawancin mutane ba su taɓa karɓa ba ma. Idan da baki aka ce maka ba za a biya ba, rubuta musu wasiƙa, a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinka, ka nemi amsa a rubuce.

In folisi ta zo hannu, wuri uku lauya zai fara dubawa. Na farko wa'adin sanar da kamfani. Yawanci cewa suke a sanar nan take, sannan a kawo cikakken lissafin asara cikin 'yan kwanakin da aka ƙayyade. Na biyu wa'adin shigar da ƙara bayan an ƙi biya: wasu wata 12 suke bayarwa, wasu ma wata 3. Nan ne tarkon. Dokar jiha tana ba da shekara 5 ko 6 ga ƙarar yarjejeniya, gwargwadon jihar, amma kamfani zai tsaya ne a kan gajeren wa'adin da ka amince da shi, kuma kotu ba ta sake wa mutane yarjejeniyarsu. Sai ka ga ana ta "ana dubawa a hedkwata, a ƙara haƙuri" har watannin su wuce. Na uku sharaɗin alƙalin sulhu, wato mai raba gardama a wajen kotu. Folisi da yawa sun ce in gardamar a kan yawan kuɗi ce, kamfani bai musanta cewa akwai biya a kansa ba, to alƙalin sulhu za a je wa tukuna. Ka tsallake wannan ka tafi kotu, lauyansu zai nemi a dakatar da ƙarar a ƙarƙashin dokar sulhu ta 2023, wata da watanni sun tafi ba a taɓa gundarin maganar ba.

Hajiya_Dillaliya:
Barista ya fara daga tsakiya. Ni zan koma baya kaɗan. Tambayar farko da lauyan kamfani zai yi ita ce: an biya kuɗin inshorar kafin asarar ta faru? Ƙa'idar ita ce ba kuɗi, ba kariya, sashe na 50 na dokar inshora ta 2003. Wanda aka yi wa alfarma aka ce kawo rabi yanzu, rabi bayan kaka, ya sani a gaban alƙali wannan alfarmar ba ta da ƙafa. Sauƙin da ke ciki ɗaya ne: kuɗin da aka ba dillalin inshora mai lasisi, doka ta ɗauke shi kamar ya isa hannun kamfani. Amma fa mai lasisi, ba yaron da ke zaune da jaka a bakin ofishin lasin ba. A riƙe rasit, a riƙe shaidar tura kuɗi ta banki.

Ga masu mota, a danna *565*11# a sa lambar mota, ko a duba a askniid.org. In motar ba ta fito ba, takardar da ke hannunka ta jabu ce ko ba a shigar da ita ba, kuma ba a kai kamfani ƙara a kan takardar da bai fitar ba.

Sai fom ɗin da aka cike tun farko. A dokar 2003, ejan ɗin da ya taimaka maka cike fom, a wannan aikin wakilinka ne kai, ba na kamfani ba. Idan ya rubuta cewa atamfa kawai ake ajiyewa a shagon alhali akwai jarkokin fetur na janareta a ciki, a wuyanka yake. Mutanenmu suna sa hannu a fom na Turanci ba a karanta musu ba, ranar shari'a kuma wannan fom ɗin ne za a fara ɗagawa.

Sarkin_Yakin_Bolari:
Duk ɓata lokaci ne. Talaka ya ja da kamfanin da ke da bene a Legas? A bar wa Allah kawai.

Ajasta_Bauchi:
@Sarkin_Yakin_Bolari ana cin su a kotu, Malam, amma wanda ke da takarda ne yake ci. Kuma rabin faɗan da ake yi ba a kan ƙin biya ba ne, a kan lissafi ne, kuma sau da yawa lissafin kamfanin daidai yake bisa folisi.

Ga yadda yake. Kaya a sito na naira miliyan 20, mai shi ya yi musu inshorar miliyan 10 don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Wuta ta ci na miliyan 6. Shi a ransa miliyan 6 ai ba ta kai 10 ba, za a biya shi duka. A'a. Tunda rabin darajar kayan ya yi wa inshora, rabin asarar za a ba shi, miliyan 3. Daga ciki a cire kason da folisi ta ce shi zai ɗauka da kansa a kowace asara, a cire kuɗin abin da aka tsamo bai ƙone ba. Kuma farashin sari ake lissafawa, ba na sayarwa ba, sai in an yi wata inshora daban ta asarar riba. Ga mota kuma, darajarta a kasuwa ranar hatsari ake dubawa, ba kuɗin sabuwa ba. Da yadda farashi ya tashi tun 2023, wanda bai sabunta adadin inshorarsa ba kusan tabbas wannan lissafin zai cije shi. Alƙali ba zai goge wannan sharaɗin don tausayi ba.

Abin da ake iya ja a kai shi ne nawa ne kayan da ke ciki daren gobarar. Nan kuma littafin shiga da fita ne, da rasit na sari, da webil, da bayanan asusun banki da na POS na aƙalla wata shida zuwa shekara. Matsalar ita ce littafin a cikin shagon yake kwana, tare suke ƙonewa. Wanda haka ta same shi ya koma wajen waɗanda yake sari a Kano ko Onica su fitar masa da kwafin nasu. Kada kuma a share wurin ko a kwashe tokar kafin mai ƙiyasta asara ya zo ya gani. A ɗauki hoto da bidiyo tun wuta na hayaƙi.

Dan_Tudun_Hatsi:
Ikon Allah. Wato mai ƙiyasin nan na kamfani ne ke nan, Malam Ajasta? Mutum zai iya kawo nasa?

Ajasta_Bauchi:
Kamfani ne ke ɗaukarsa ya biya shi, Alhaji, ko da yake lasisinsa daga NAICOM yake, wato hukumar kula da inshora ta ƙasa. Kana iya ɗauko naka masanin, kuma in za a je kotu dole ma ka yi, don rahoton masani ba a rushe shi da "wallahi kayana sun fi haka". Sai dai a yi shi da wuri. Sashe na 83 na dokar shaida ta 2011 ya hana karɓar takardar da mai ruwa da tsaki ya shirya lokacin da shari'a ke gudana ko ake hangenta, lauyan kamfani kuma zai gwada wannan a kan duk lissafin da aka rubuta bayan rigima ta fara.

Tsohon_Rajistara:
Bari in amsa "wace kotu", don nan ƙararraki da yawa suke mutuwa ba a ji shaida ko ɗaya ba. Mutane na ɗauka tunda inshora harkar tarayya ce, sai Babbar Kotun Tarayya. Kotun Ƙoli ta yanke a 2015, a shari'ar Sun Insurance da Umez Engineering, cewa neman biya a kan yarjejeniyar inshora ƙara ce ta yarjejeniya kawai, huruminta na Babbar Kotun Jiha ne. In adadin ƙarami ne, kotun gunduma, inda majistare ke zama a kan ƙarar kuɗi, tana iya ji har iyakar da dokar jiha ta yanka mata. Ka kuskure kotu, ko bayan shekara biyar aka gano, komai ya rushe, a lokacin kuma wataƙila wa'adin da Barista ya faɗa ya wuce.

Sai isar da sammaci. Yawancin kamfanonin nan hedkwatarsu a Legas take. Sammacin da zai fita daga Gombe ko Bauchi zuwa wata jiha sai an rubuta masa wata shaida a jikinsa, sashe na 97 na dokar isar da takardun kotu, kuma a ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30 ya bayyana. A miƙa wa yarinyar da ke teburin karɓar baƙi a reshensu na nan gari, lauyansu zai zo ya ce ba a isar wa kamfani ba. Ko sa hannu a kan sammaci, dole sunan lauya ne shi kansa, ba sunan ofishinsa ba. Tun hukuncin Okafor da Nweke na 2007 ake jefar da ƙararraki a kan wannan ɗan abin. Ku sa ran takardar farko da kamfani zai kawo ba amsar da'awarku ba ce, ƙorafi ne a kan irin waɗannan.

Lauya_Yelwa:
Gyara kaɗan ga Hajiya da sauran masu ambaton dokar 2003: an soke ta. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora a 2025, ta haɗe tsofaffin dokokin wuri ɗaya, har da ta inshorar motoci. Ta ɗaga jarin kamfanin inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15, na rayuwa biliyan 10, ta kuma kafa asusun kare masu folisi idan kamfani ya durƙushe.

Barista_Pantami:
Gaskiyarka ne abokin aiki. Sai dai kotu tana auna haƙƙi ne da dokar da ke aiki lokacin da dalilin ƙarar ya taso, don haka asarar da ta faru kafin sabuwar dokar har yanzu da ta 2003 za a yi mata hukunci, kuma irin su ne suka cika kotuna a yau. Aikin lauya na farko ke nan, ya dubi ranar asara ya san da wace doka zai tsaya.

Direban_Kumo:
Ni tambayata daban ce. Wani ya buge motar haya ta baya, yana da ƙaramar inshorar nan ta dole, tad-fati. Kamfaninsa za a kai ƙara ko shi?

Lauya_Yelwa:
Shi da mai motar, Malam direba. Kai ba ka da yarjejeniya da kamfaninsa. Amma a sanar da kamfanin a rubuce cewa an shigar da ƙara. A dokar 2003 sai sanarwar ta isa kafin a shigar ko cikin kwana 30 bayan an shigar, in ba haka ba ko ka ci shari'ar kamfani na iya cewa ba ruwansa. Tun Janairun 2023 tad-fati ta motar gida naira 15,000 ce, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Abin da ya haura wannan, daga aljihun wanda ya yi karon. Kuma ba ta gyara motar mai ita ko kaɗan, wannan sai cikakkiyar inshora. A samo rahoton 'yan sanda da zanen wurin hatsari, da ƙiyasin gyara daga bakanike a rubuce. Wanda ya karɓi dubu hamsin a bakin titi aka rubuta "mun sasanta", ya rufe wa kansa ƙofa.

Malam_Jekadafari:
Jama'a, ana ta maganar kotu ba a taɓo halaccin abin ba. Malamai da yawa suna ganin inshorar zamani akwai garari, wato rashin tabbas, da kuɗin ruwa a cikinta, shi ya sa aka kawo takaful, inshorar tsarin Musulunci. Wanda ya yi takaful, ba kotun shari'ar Musulunci ya kamata ya je ba?

Barista_Pantami:
Allah ya gafarta Malam, takaful ma a ƙarƙashin NAICOM take, tun ƙa'idojin da ta fitar a 2013, kuma kamfanonin irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful rajistar kamfani suke da ita kamar kowa. Kowannensu yana da majalisar malamai da ke duba ayyukansa, ana iya kai musu koke. Amma in ta kai ga ƙara, Babbar Kotun Jiha ta fi aminci, domin sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a kan aure, gado, wasiyya, wakafi, kyauta da riƙon yara. Ka fara a kotun shari'ar Musulunci ta ƙasa, rigimar hurumi na jiranka a sama. Zancen kuɗin ruwa kuwa, kotu ba ta ba da na kafin hukunci sai an roƙa an kuma kafa hujjarsa. Wanda ba ya so sai ya gaya wa lauyansa kada a sa. Ya dai san cewa miliyan 5 ta ranar gobara ba ita ce miliyan 5 ta ranar hukunci ba.

Malam_Jekadafari:
To wannan na ƙarshen sai an zauna da malamai, don akwai masu bambanta kuɗin ruwa da diyyar jinkirin mai hali. Ba nan ne wurinsa ba.

Tsohon_Rajistara:
Mu dawo kan tambayar Alhaji ta shekara nawa. Ba wanda zai ba ka rana. Shari'a mace ce da ciki. Amma ga inda lokacin ke tafiya: musayar takardu da ƙorafe-ƙorafen farko, ɗage zama don lauya ya taso daga Legas ko Abuja bai samu jirgi ba, hutun shekara na kotuna wajajen Agusta zuwa Satumba, alƙali ya tafi aikin kotun zaɓe. A 2021 yajin aikin ma'aikatan kotu ya rufe ko'ina daga Afrilu zuwa Yuni. Mafi ciwo, in aka ɗaga alƙalin zuwa kotun gaba ko ya yi ritaya ana tsakiyar jin shaidu, sabon alƙali daga farko zai fara. Abin da ke da tabbataccen wa'adi shi ne hukunci: kwana 90 bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi, sashe na 294 na tsarin mulki. Mai shiga ya shirya wa shekaru, ba watanni ba.

Lauya_Yelwa:
In ƙara da abin da ke faruwa a akwatin shaida, don shi ne mutane ba sa shirya wa. Da Turanci kotu ke aiki. Mai ba da shaida da Hausa za a ba shi tafinta, kuma takardar rantsuwarsa sai ta nuna an fassara masa ya gane kafin ya sa hannu. Lauyan kamfani zai bi ka layi-layi: buhu nawa, ka saya ranar yaushe, wa ya kulle shagon, ina tukunyar kashe gobara da folisi ta ce a ajiye, yaushe aka cika ta. Adadin da ka faɗa wa 'yan kwana-kwana, da wanda ka rubuta wa kamfani, da wanda ke cikin da'awarka, in suka saɓa, a nan za a tsaya. Kada a ƙara ko buhu ɗaya. Folisi na cewa wanda ya kumbura asara da gangan ya rasa duka, har da na gaskiyar.

Rahoton 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana takardun hukuma ne, kwafin da hukumar ta tabbatar ta buga wa hatimi ake kawowa, ba hoton waya ba. Hotuna, saƙonnin WhatsApp da imel da bayanan banki da aka buga daga kwamfuta kuma sai da takardar shaida ta sashe na 84 na dokar shaida. Kowane abu da aka rasa a jera shi da kuɗinsa a cikin da'awa, kotu ba ta ba da "da sauransu".

Amma nauyin ba duka a kanka yake ba. Kai za ka nuna akwai inshora, asara ta faru, ga adadinta. In kamfani ya fake da wani keɓantaccen sharaɗi, shi zai tabbatar. In ya ce kai ka cinna wutar, zargin laifi ne, sai ya tabbatar ba tare da wani kokwanto ba kamar a shari'ar laifi, sashe na 135 na dokar shaida. Kuma a dokar 2003, karya sharaɗin da ba shi da alaƙa da asarar ba ya ba kamfani damar guduwa, in ba zamba aka yi ba ko sharaɗin na ginshiƙi ne.

Hajiya_Dillaliya:
Shi ya sa ni ban cika son a fara da kotu ba. NAICOM tana da sashen karɓar koke, ba a biyan ko kwabo, kuma kamfani na jin tsoron mai riƙe da lasisinsa fiye da sammaci. Musamman in an riga an ba ka takardar sallama, wato ta amincewa da adadin da za a biya ka, ka sa hannu kuɗi bai shigo ba. Dokar 2003 ta ba su kwana 90 daga nan, in suka wuce hukumar na iya biya daga ajiyar kamfanin da ke Babban Banki.

Barista_Pantami:
Na yarda Hajiya, amma da sharaɗi: koke a NAICOM ba ya tsayar da agogon wa'adin ƙara. A rubuta ranar ƙarshe a bango, in saura wata biyu ba a ga komai ba a shigar. Takardar sallamar nan kuma kaifi biyu gare ta. In adadin ya yi maka, hujja ce mai ƙarfi, har ana iya bin gajeriyar hanyar ƙarar bashin da ba shi da kariya. In bai yi maka ba ka sa hannu, ka yafe ragowar, don a jikinta an rubuta biya ne na ƙarshe.

Sarkin_Yakin_Bolari:
To an ci shari'ar. Sai su kawo kuɗin a buhu?

Tsohon_Rajistara:
Ba sa kawowa. Suna da wata 3 su ɗaukaka ƙara, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara tana da reshe a nan Gombe yanzu. Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta hana karɓar kuɗi, sai sun roƙi a dakatar, lauyanka kuma ya roƙi a sa su zuba kuɗin a asusun da ke hannun babban rajistara har a gama. In ba su ɗaukaka ba kuma ba su biya ba, sai ganishi: kotu ta umarci bankunan da kamfanin ke ajiya su zo su faɗi abin da ke ciki, a isar da umarnin aƙalla kwana 14 kafin zama, sannan a tabbatar a cire. Da kamfani mai rai wannan na aiki. Wanda aka soke wa lasisi, kamar yadda NAICOM ta yi wa Niger Insurance da Standard Alliance a 2022, labari ya canza, sai bin layi wajen wanda aka naɗa ya tattara kadarori.

Akawu_Tumfure:
Ba a amsa zancen kashewa ba. A lissafa kuɗin rajistar ƙara, wanda ke hawa da yawan abin da ake nema, kuɗin kai sammaci Legas, na masani, na tabbatar da takardu, na motar shaidu duk zama, sannan na lauya. Wasu lauyoyi na yarda da kaso daga abin da aka samo, ƙa'idar aikinsu ta halatta a ƙarar kuɗi, amma a rubuta: kaso nawa, kafin cire ɗawainiya ko bayanta, ya haɗa da ɗaukaka ƙara ko bai haɗa ba. Kuɗin ɗawainiya da alƙali ke yanka wa wanda ya ci ba ya kusantar abin da aka kashe. In tazarar da ke tsakanin tayin kamfani da abin da kake nema ba ta wuce 'yan dubu ɗaruruwa ba, a zauna a yi ciniki. Ko bayan an shiga kotu ana sasantawa, a kai wa alƙali ya mayar da shi hukunci.

Dan_Tudun_Hatsi:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura ɗaya. Tunda banki ne ya sa aka yi inshorar, wani lokaci ma shi ya cire kuɗin daga asusu ya biya, wa zai shigar da ƙarar, kuma wa za a ba kuɗin?

Hajiya_Dillaliya:
Duba shafin farko na folisi, Alhaji. In an rubuta banki a matsayin wanda za a fara biya, kuɗin wajensa za su, ya cire bashinsa, ragowar taka. Kuma sau da yawa adadin da banki ya yi wa inshora daidai bashinsa ne, ba darajar kayan sito ba, ka ga lissafin Malam Ajasta ya dawo. Ainihin folisin ma a wajen bankin take zama, sai ka rubuta ka nema.

Lauya_Yelwa:
Wanda sunansa ke kan folisi shi ke ƙara. In sunan kamfaninka mai rajista ne, kamfanin zai shigar, ba kai da sunanka ba. Ko a sa banki cikin masu ƙara ko cikin waɗanda ake ƙara, wannan ya danganta da wa ya yi sakaci, misali in ya cire kuɗin sabuntawa bai tura ba. Barista, kai a wane ɓangare za ka sa shi?

Barista_Pantami:
Sai na ga takardar rancen tukuna. Bashin kuma yana ci gaba da hawa duk tsawon shari'ar, a sa wannan ma a lissafin Akawu.